Ubangida da Yaro a Ƙungiyoyin 'Yan Bindigar Daji

Ubangida da yaro ita ce dangantakar da ƙungiyoyin 'yan bindigar daji na arewa maso yammacin Najeriya suka ginu a kanta. Ubangida shi ne jagoran da ke da makamai da babura da sansani a cikin daji. Yaro kuma shi ne wanda ke ƙarƙashinsa, yana fita hari da izininsa, yana karɓar kaso daga abin da aka samo. Kalmar yaro a nan ba ta nufin ƙarancin shekaru, domin magidanci mai mata da 'ya'ya ma yaron wani ne muddin a ƙarƙashinsa yake.

'Yan bindigar ba su da shugaba guda wanda kowa ke bin umarninsa. Ƙungiyoyi ne masu yawa, kowace da jagoranta, kuma akasarin manyan jagororin sun taɓa zama yaran wasu kafin su tsaya da ƙafarsu. Wannan tsari ne ya sa ƙungiyoyin ke ta rarrabuwa suna ƙaruwa, kuma shi ya sa mutuwar jagora ko sulhu da shi bai cika kawo ƙarshen hare-hare ba. Jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja da Kebbi ne abin ya fi shafa. A jihar Kebbi kuwa, ƙasar Zuru na cikin yankunan da suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Asalin dangantakar a al'ada

Ubangida da yaro tsohon tsari ne a ƙasar Hausa, kuma asalinsa ba shi da alaƙa da laifi. A fada ana kiran sa barantaka: bara yana yi wa basarake hidima da biyayya, shi kuma yana ɗaukar nauyin cinsa da suturarsa, ya yi masa aure, ya tsaya masa idan ya shiga matsala. Masanin zamantakewa M. G. Smith ya yi bayanin wannan tsari a binciken da ya yi kan sarautar Zazzau, wanda aka buga a 1960. Haka abin yake a fatauci da dillanci da ƙira da fawa da tuƙin mota. Yaron mota yakan yi shekaru yana lodi da wanke mota kafin direba ya ba shi sitiyari.

A sana'o'in halal wannan hidima tana da iyaka da kowa ya sani. Idan yaro ya ƙware, ubangidansa yakan yaye shi, ya ba shi jari ko kayan aiki, ya sa masa albarka a gaban mutane. A ƙasar Zuru ma akwai hidima mai wa'adi a al'adar Dakarkari, wato golmo, inda saurayi da abokansa ke yin shekaru suna noma a gonar wanda zai zama surukinsa kafin a ba shi mata. A duk waɗannan akwai shaidu, akwai dattawa da za a kai wa ƙara, akwai kuma ranar da hidima za ta ƙare.

'Yan bindiga sun ɗauki kalmomin wannan tsari da siffarsa, amma babu yaye a cikinsa, babu kuma mai raba gardama. Suna kiran manyan jagororinsu Kachalla, wanda tsohuwar sarautar jagoran mayaƙa ce a daular Borno. Sansanin da jagora ke zaune da yaransa kuma ana ce masa daba.

Yadda ƙungiyoyin suka fara

Satar shanu da fashi a kan hanya sun daɗe a yankin, amma ƙungiyoyi masu tsari da manyan bindigogi sun bayyana ne a jihar Zamfara wajen shekarar 2011. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i, masanin tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ya bayyana a wata lacca da ya gabatar a 2021 cewa ƙungiya ta farko ita ce wadda 'ya'yanta ke kira Ƙungiyar Gayu, jama'a kuma suna ce mata ƙungiyar ɓarayin shanu. Jagororinta su ne Kundu da Buharin Daji.

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka haifar da rikicin. Akwai cinye burtali da makiyaya da gonaki suka yi, da rashin adalci wajen yanke hukunci tsakanin manoma da makiyaya, da satar shanu da ta bar iyalai da yawa ba su da ko saniya guda. Akwai kuma kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa waɗanda suke zargi ba tare da shari'a ba, da ramuwar gayya da ta biyo baya, da shigowar makamai ta kan iyakar ƙasa, da haƙar zinare a yankunan Anka da Maru da Bukkuyum. Akasarin sanannun jagororin sun fito ne daga gidajen Fulani makiyaya, amma akwai mutanen wasu ƙabilu a cikin harkar, musamman masu kai rahoto da masu sayar da makamai da kayan masarufi. Fulani makiyaya kuma suna cikin waɗanda aka fi sace wa dabbobi.

A watan Afrilun 2014 an kashe mutane fiye da 100 a garin 'Yar Galadima da ke ƙaramar hukumar Maru. Wani kwamiti da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019, ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Mohammed Abubakar, ya gano cewa an kashe mutane fiye da 6,000 a jihar tsakanin 2011 da 2019, an kuma biya kuɗin fansa sama da naira biliyan 3.

Yadda dangantakar ke aiki

Matashi na shiga daba ta hanyoyi daban-daban. Wani yana bin yayansa ko kawunsa da ya riga shi shiga. Wani an kashe masa iyaye ko an kwashe musu shanu, sai ya tafi neman ramuwa. Wani kwaɗayin kuɗi da babur ne ke jan sa. Akwai kuma waɗanda ake tilasta wa, domin ƙin shiga na iya jawo wa gidansu hari.

Abin da ubangida ke bayarwa shi ne bindiga da harsashi, da babur da man fetur, da abinci, da kariya daga sauran dabobi. Sunansa ma jari ne, domin yaron babban Kachalla na iya ratsa dajin da wani ba zai iya ratsawa ba. Abin da yaro ke bayarwa kuma shi ne ƙarfinsa da ransa. Sabon shiga yakan fara da ƙananan ayyuka kamar kiwon shanun sata, da ɗebo ruwa, da gadin mutanen da aka sace. Daga nan sai a fara fita da shi hari. Idan ya nuna rashin tsoro sai a ɗora shi a kan wasu, ya zama ɗaya daga cikin manyan yara masu jagorantar hari ba tare da ubangida ya fito ba.

Bindiga ita ce ginshiƙin wannan alaƙa. Wanda bai mallaki tasa ba, aro yake yi, kuma mai bindiga yana da kaso a duk abin da aka samo da ita. Saboda haka babban rabo na komawa ga ubangida ko da bai bar daba ba. Auratayya ma na ƙara ɗaure dangantakar, domin jagorori kan aurar da 'yan'uwansu mata ga manyan yaransu ko ga jagororin wasu dabobi don ƙulla amana.

Kuɗin ƙungiya na fitowa ne daga sayar da shanun sata, da kuɗin fansa, da harajin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi shuka ko girbi, da kuma ramukan zinare. A wasu wurare ana tilasta wa mutanen ƙauye yin aiki a gonakin jagororin.

Yadda yaro ke zama ubangida

Tun da babu ranar yaye, yaro da kansa yake ƙwatar 'yancinsa. Hanya ta farko ita ce ya tara rabonsa har ya sayi bindigoginsa, ya jawo ƙannensa da abokansa, ya kafa daba a wani ɓangaren daji. Irin wannan yakan ci gaba da girmama tsohon ubangidansa, ya kai masa ɗauki idan an kawo masa hari, amma ba ya neman izininsa kafin ya fita. Hanya ta biyu ita ce ɓallewa cikin fushi, galibi a kan rabon kuɗin fansa ko shanu, ko a kan an taɓa dangin wani. Hanya ta uku ita ce gado, inda jagora zai mutu sai ƙanensa ko babban yaronsa ya hau, sauran manyan yaran da ba su yarda ba kuma kowa ya ja nasa mutanen. Hanya ta huɗu ita ce yaro ya kashe ubangidansa.

Wannan ya sa kowane jagora ke cikin tsaka mai wuya. Yana buƙatar yara masu ƙarfin hali don ya tsare yankinsa, amma duk yaron da ya yi ƙarfi ya zama abin tsoro gare shi. Idan ya hana su fita hari za su gudu su koma wajen wani, idan kuma ya sake musu za su tara abin da za su rabu da shi.

Buharin Daji da Dogo Giɗe

Misalin da ya fi shahara shi ne na Buharin Daji. A tsakiyar shekarun 2010 babu jagoran da ya kai shi suna a dazukan Zamfara, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna daga baya sun zauna a ƙarƙashinsa ko sun yi aiki tare da shi. A ƙarshen 2016 gwamnatin Zamfara ta zamanin Gwamna Abdul'aziz Yari ta yi sulhu da shi, inda mataimakin gwamna Malam Ibrahim Wakkala ya jagoranci tattaunawar, aka kuma miƙa wasu makamai. Sulhun bai daɗe ba ya rushe.

A watan Maris na 2018 Dogo Giɗe, wanda ya daɗe a cikin mutanen Buharin Daji, ya kashe shi. Rahotannin lokacin sun ce rigimar ta taso ne bayan yaran Buharin Daji sun kwashe shanun surukan Dogo Giɗe, aka nemi a mayar da su aka ƙi. An kai gawar Buharin Daji Gusau, jama'a da dama kuma suka ɗauka ƙarshen matsalar ya zo.

Abin da ya biyo baya ya saɓa wa wannan fata. Yaran Buharin Daji sun watsu, wasu suna neman fansar jininsa, wasu suna kafa dabobinsu. Hare-hare suka ƙaru a Zamfara, suka kuma bazu zuwa Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja da Kebbi. Shi kansa Dogo Giɗe ya zama ɗaya daga cikin manyan jagorori, yana zirga-zirga a dazukan da suka haɗa Zamfara da Kaduna da Neja, musamman dajin Kuyambana. A 2021 rahotanni sun danganta shi da kisan wani jagora mai suna Damina a wani faɗa tsakanin dabobinsu.

Halilu Sububu da Bello Turji

Ba kowace dangantaka ce ke ƙarewa da kisa ba. Halilu Sububu, wanda ya samo laƙabinsa daga dajin Sububu a ƙaramar hukumar Maradun, ya yi suna wajen safarar makamai da mallakar ramukan zinare a yankin Anka. Ƙarfinsa ya ta'allaƙa ne a kan cewa jagorori da yawa daga hannunsa suke samun bindigogi. Bello Turji, wanda ke da dabarsa a yankin Shinkafi da gabashin jihar Sakkwato, yana cikin waɗanda suka ɗauke shi a matsayin ubangida, duk da cewa yana da yaransa da yankinsa.

Sojojin Najeriya sun kashe Halilu Sububu a watan Satumban 2024 a kusa da Mayanci, cikin jihar Zamfara. Bayan haka Turji ya fito a wani bidiyo ya tabbatar da mutuwar, yana kiran sa ubangidansa. Mutuwar ba ta tsayar da hare-haren Turji ba, domin tun da daɗewa ba ya dogara da umarnin kowa.

Tasiri a ƙasar Zuru

Masarautar Zuru tana kudu maso gabashin jihar Kebbi, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu. Tana iyaka da jihar Zamfara da jihar Neja, kuma dazukanta sun haɗe da na waɗannan jihohi. Wannan ya sa ta zama hanyar da 'yan bindiga ke bi da babura da shanun sata tsakanin dabobinsu. Yanki ne na noma, inda ake samun dawa da masara da gero da shinkafa da wake.

A farkon watan Yunin 2021 'yan sanda sun tabbatar da kisan mutum 88 a wasu ƙauyuka na ƙaramar hukumar Danko/Wasagu. A ranar 17 ga wannan wata aka kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, a masarautar Yawuri mai maƙwabtaka da Zuru, aka kwashe ɗalibai da malamai. An danganta harin da Dogo Giɗe, kuma 'yan mata 11 na ƙarshe sun ci gaba da zama a hannunsa har cikin 2023.

A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, suka kashe fiye da 60. Bayan kwana biyu aka yi artabu a garin Kanya lokacin da mataimakin gwamnan jihar na wancan lokaci, Sama'ila Yombe Dabai, ke ziyara a yankin, inda jami'an tsaro fiye da goma suka rasa rayukansu. A ranar 17 ga Nuwamban 2025 an sace ɗalibai mata 25 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, a Danko/Wasagu, aka kuma kashe mataimakin shugaban makarantar. Ɗaliban sun kuɓuta cikin wannan wata.

Ga manomi, yawan dabobi na nufin babu wanda zai yi yarjejeniya da shi ya samu kwanciyar hankali. Ƙauye na iya tara kuɗi ya biya wani jagora haraji, bayan 'yan makonni wata daba ta zo da nata buƙatun, ko wani yaro da ya ɓalle ya ce biyan da aka yi wa tsohon ubangidansa bai shafe shi ba. Mutanen ƙauyuka da dama sun bar gonakinsu sun koma manyan garuruwa kamar Ribah da Wasagu da Dirin Daji da cikin garin Zuru.

Sulhu da kashe jagorori

Gwamnatoci sun gwada hanyoyi biyu, kuma tsarin ubangida da yaro ya shafi sakamakon kowace. Hanya ta farko ita ce sulhu. Bayan na 2016, Gwamna Bello Matawalle ya sake buɗe ƙofar sulhu a Zamfara a 2019, haka ma Gwamna Aminu Bello Masari a Katsina. Matsalar ita ce alkawarin jagora ba ya ɗaure yaransa. Shi ya riga ya tara shanu da kuɗi, su kuwa ba su tara ba, don haka ajiye makami na nufin rasa abin da suke rayuwa a kai. Sauran dabobi kuma kan ɗauki wanda ya tuba a matsayin maci amana.

Auwalun Daudawa misali ne. Shi aka danganta da sace ɗalibai fiye da 300 na makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina a ranar 11 ga Disamban 2020. A watan Fabrairun 2021 ya miƙa makamai a Gusau tare da wasu yaransa, ya yi rantsuwa ba zai koma ba. A watan Afrilu ya koma daji, kuma kafin watan ya ƙare aka kashe shi a wani faɗa da wata daba.

Hanya ta biyu ita ce ƙarfin soja. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin dabbobi, an kuma taƙaita sayar da man fetur a jarka. A watan Nuwamban wannan shekara Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin na 'yan ta'adda. An kashe jagorori da dama ta sama da ta ƙasa tun daga lokacin. Sai dai idan bindigogi da babura da hanyoyin samun kuɗi na nan, manyan yara kan maye gurbin wanda ya mutu cikin ɗan lokaci. Wannan ne ya sa masu nazarin rikicin ke jaddada toshe hanyar makamai da harsasai, da hana sababbin matasa shiga, da gyara shari'a tsakanin manoma da makiyaya, a haɗa da matakin soja.

A labaran ƙirƙira

Yaron da ke kashe mugun ubangidansa jigo ne sananne a labarai da fina-finai. Misalin da ya fi yaɗuwa a duniya yana cikin jerin fina-finan Star Wars na Amurka, waɗanda George Lucas ya fara a 1977. Miyagun labarin, waɗanda ake kira Sith, suna bin wata ƙa'ida da ta ce kada su wuce biyu a lokaci guda, wato ubangida da almajirinsa. A cikin labarin, wani mai suna Darth Bane ne ya kafa ƙa'idar bayan ya ga yawan Sith ya sa suna ta cin amanar juna har suka raunana. Ubangida na koyar da almajiri, yana sane da cewa ranar da almajirin ya fi shi ƙarfi zai kashe shi ya ɗauki nasa almajirin. Haka Palpatine ya kashe ubangidansa Darth Plagueis yana barci, kamar yadda aka nuna a zancen fim ɗin 2005. Shi ma almajirinsa Darth Vader ne ya jefa shi cikin rami a fim ɗin 1983.

Kamancin da ke tsakanin wannan labari da abin da ke faruwa a daji shi ne alaƙa ce ta tsoro da amfani, wadda kowane ɓangare ke zargin ɗaya. Bambancin kuma yana wajen lissafi. A cikin fim, idan almajiri ya kashe ubangida adadin miyagu ba ya ƙaruwa, kuma kawar da su biyun na kawo ƙarshen ƙungiyar. A dazukan Zamfara da Kebbi da Neja kuwa, jagora guda na iya samun manyan yara da dama, kowanne da nasa mabiya, don haka mutuwarsa kan bar dabobi masu yawa a inda da akwai guda ɗaya, kamar yadda aka gani bayan kisan Buharin Daji a 2018.